Yadda Aka Ƙi Buga Littafin Kakata a Madani

Kawuna ne ya jawo mana wannan rigima, ranar da ya dawo daga Wad Madani da littafi a aljihun jallabiyarsa. Kawu ƙanen innata ne, autan Kaka, direban lori. Karatunsa bai wuce sunan gari a bakin hanya ba, shi ma sai ya rage gudu. Amma ƙwallo ta shiga jininsa. In ana wasa a rediyo, ko gobara ce ta kama rawaninsa sai an tashi zai kashe ta. Littafin da ya sayo tarihin wani shahararren ɗan ƙwallo ne, wanda ya ba da labarin rayuwarsa da bakinsa, ga hotonsa a bango ya ɗaga ƙafa kamar zai shuri mai karatu.

Ni ce mai karatun gidanmu, don ni kaɗai ke zuwa makarantar 'yan mata ta Hasahisa. Shekaruna goma sha biyar, kuma malamanmu sun yarda ina da ƙwaƙwalwa, sai dai sun ce bakina ya fi ta girma. Bayan la'asar Kawu ya shimfiɗa tabarma a gindin dogon-yaro, ya miƙo mini littafin da hannu biyu, ya ce in karanta a hankali kada in ɓata wa gwanin nasa suna.

Kaka tana gefe a kan gadonta na igiya tana tsince wake. Sai na gaya muku ko wace ce ita, don in ba ku san ta ba to ba a ƙasar Jazira aka haife ku ba. Ungozoma ce. Daga ƙauyenmu har Managil, in ka ga mutum yana tafiya da ƙafa biyu, ka tambaye shi, hannun Kaka ne ya fara taɓa shi. Hausawa na kiranta, Larabawan ƙauyukan gefe suna aiko mata jaki. Akwai manyan mutane masu gemu da suke sauka daga keke su durƙusa in sun hango ta, ita kuwa ta dubi mutum ta ce, "Kai ne wanga? Har yanzu kunnenka bai miƙe ba."

Na fara karatu da Larabcin makaranta, ina juya wa Kawu wuraren da suka yi masa tsauri. Ɗan ƙwallon ya ce an haife shi a Umdurman, a gidan kakansa babban attajiri, gida mai bene da famfo, kuma wata likita Baturiya ce ta karɓi haihuwarsa.

Sai Kaka ta yi wata irin dariya ta hanci.

"Baturiya," in ji ta, idonta na kan wake. "Yaron da ya fito da ƙafa, a kan buhun auduga, na sha wuya kamin in juyo kansa."

Kawu ya tashi zaune. Ni kuwa littafin ya faɗi daga hannuna.

"Inna, me kika ce?"

Kaka ta ɗago kai, na ga fuskarta ta sauya. Ban taɓa ganin ta ji kunyar maganarta ba sai ran nan. Ta ce, "Ban ce komi ba. Tsufa ne. Ke 'yar nema, ci gaba da karatunki." Muka yi juyin duniya, ta ƙi ƙara ko kalma ɗaya. Kawu har da alkawarin sayo mata sabon mayafi, ta ce ya je ya wanke lorinsa.

A lokacin saura wata uku Kaka ta bar mu. Tana yarinya iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Sakkwato za su Makka. Ayarinsu ya tsaya a Jazira don su yi tsinar auduga ta shekara ɗaya su sami guzurin ƙetare teku. Shekara ɗayan nan ita ce ta haifi innata, ta haifi Kawu, ta kawo ni. Yanzu da 'ya'yanta suka haɗa mata kuɗin jirgi, ta faɗa wa kowa ƙarara cewa ba za ta dawo ba. In ta sauke farali za ta zauna a Madina har ƙasa ta rufe idonta. Mun yi kuka, mun yi fushi, innata ta yi kwana biyu ba ta ci tuwo ba, Kaka ko gezau.

Shi ya sa da na kai ƙarshen littafin ɗan ƙwallon, raina ya ɓaci. Mutum ya cika shafi ɗari da labarin yadda ya shuri fata mai iska, an buga masa da hoto. Kaka kuwa za ta hau jirgi da duk abin da ke cikin kanta, ba za a bar mana ko layi ɗaya ba. Na ce mata, "Kaka, ni zan rubuta naki, mu kai a buga kafin ki tafi."

"Wa zai karanta labarin tsohuwa?"

"Duk wanda kika ja ƙafarsa. Ai sun isa su cika Khartum."

Ta kai mini duka da mafici, amma washegari da na dawo daga makaranta na tarar ta aiki Kawu ya sayo littafin rubutu mai bangon shuɗi.

Haka muka fara. Kullum bayan azahar tana faɗi da Hausa, ni ina zubawa da Larabci, don mai maɗaba'a ya iya karantawa. Ta ba ni labarin hanya, yadda aka ɗaure ta a kan jaki da zane don kada barci ya kayar da ita, da rijiyar da suka tarar ta ƙafe bayan tafiyar kwana biyu, da inda suka binne mahaifinta kusa da Fashir suka ɗora duwatsu. Ta ba ni labarin zaman kambo, wato bukkokin 'yan ƙwadago a gefen gonaki, da yadda ta koyi aikinta wurin wata tsohuwa makauniya wadda take gane kwanciyar ciki da tafin hannu.

Ni ma na sa nawa gishirin. Inda ta ce wata dabba ta bi su da dare, na rubuta zakoki bakwai. Da na maimaita mata, ta ce, "Kura ce guda, ita ma gurguwa. Goge." Na ce to a bar ko zaki ɗaya don masu karatu. Ta ce in na ga dama in rubuta nawa littafin in sa giwaye.

Matsala ɗaya ce. Duk lokacin da muka zo kan haihuwa, wato ainihin aikinta, sai Kaka ta rufe. "Wata mata, a wani ƙauye, wata shekara." In na ce wace mata, sai ta ce ba a faɗi. Na ce ai littafi ne. Ta ce ko allon ƙarfe ne. Mace a kan gwiwa ba ta da mayafi, in ji ta, sai bakin ungozoma. Abin da aka gani a ɗakin nan, da abin da aka ji mace ta faɗa cikin zafin naƙuda, a nan ake binne shi tare da mabiyiya. Haka makauniyar ta koya mata tun kafin ta ba ta reza.

Cikin wata guda littafin ya cika. Ranar wata Asabar Kawu ya ɗauke mu a gaban lori zuwa Madani. Kaka ta sha farin mayafinta na zuwa suna, ni na rungume littafin a ƙirji, Kawu yana ta busa ƙaho ga awaki kamar ya ɗauko shugaban ƙasa.

Maɗaba'ar da ta buga littafin ɗan ƙwallon tana wani lungu bayan kasuwa. Tun daga ƙofa warin tawada ya tare mu. A ciki wata na'ura baƙa, girmanta ya kai ɗakin innata, tana haɗiye farar takarda tana tofo ta da rubutu. Bango kuwa duk hotunan waɗanda aka buga wa littafi ne: mawaƙi rungume da garayarsa ta Larabawa, tsohon hafsan soja mai gashin baki kamar ƙahon sa, ɗan siyasa ya nuna sama da yatsa, sai gwanin Kawu da ƙafarsa a sama. Na duba bangon nan kaf, babu mace ko ɗaya, balle mai tsagar Hausawa a kumatu.

Mai maɗaba'ar dattijo ne mai tabarau, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, ya karɓe mu da mutunci. Ya ba Kaka kujerarsa, ya sa aka kawo shayi. Ya buɗe littafina ya karanta shafi biyu, ya tsallaka tsakiya, ya leƙa ƙarshe. Ni ina tsaye zuciyata na bugawa tare da na'urar.

"Rubutunki mai kyau ne, 'yata," in ji shi. "Wa ya koya miki?"

Kaina ya kumbura har na ji ɗankwalina ya matse ni.

Sai ya juya ga Kaka. "Hajiya, an taɓa sa ki a rediyo?"

"A'a."

"Jarida fa? Ko kin taɓa gaisawa da wani minista? Wani babban shehi?"

"Na taɓa korar mufattishi, babban mai duba gonaki, daga bakin ɗaki," in ji Kaka. "Bature ne, a kan doki."

Ya yi dariya, ya rufe littafin a hankali, ya tura mini shi ta kan tebur. Ya ce shi ba ya ƙin labarin, har wurin rijiyar nan ya taɓa masa zuciya. Amma takarda daga ƙetare take zuwa, kuma mutumin da ya shigo kasuwa fuskar da ke bango yake saye, ba abin da ke ciki ba. In bai san fuskar ba, ko juyawa ba zai yi ba. "Ga shi kuma babu suna ko ɗaya a ciki. Wata mata, wani ƙauye. Wa zai sayi wata mata?"

Na dubi littafina a kan tebur, na tuna saura wata biyu. Sai bakin nan nawa da malamai suke faɗi ya buɗe da kansa. Na nuna hoton ɗan ƙwallon na ce, "Wancan da kuka rataye, ai kakata ce ta karɓi haihuwarsa. Da ƙafa ya fito, a kan buhun auduga. Babu wata Baturiya!"

Kawu ya shaƙe da shayi. Mai maɗaba'a ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya jawo littafin ya dawo da shi gabansa.

"Hajiya, gaskiya ne?"

Kaka ba ta dube shi ba, ni take kallo. Na gwammace a ce na'urar nan ta haɗiye ni ta tofo ni da rubutu.

Dattijon ya matso da kujera. Muryarsa ta yi laushi kamar man shanu a rana. Ya ce in haka ne magana ta sauya. Babi ɗaya kawai yake so: wane kambo ne, wace ce uwar, 'yan ina ne, yaya aka yi yaron ya koma Umdurman. In aka sa wannan a gaba, zai buga littafin duka, da rijiyar da jakin da komai, hoton Kaka a bango, kuma zai fito kafin ta hau jirgi. Ya ce har Khartum za a yi layi.

Wallahi na so ta yarda. Na riga na hango hotonta a bangon nan, tsakanin mai gashin baki da mai nuna sama.

Kaka tana jin Larabci kamar ruwa, da shi take ciniki da faɗa a kasuwa. Amma in ranta ya ɓaci sai ta koma Hausa, ko da wa take magana. Ta ajiye kofin shayi ta ce mini, "Gaya mashi, jikata ƙaramar yarinya ce, ta ji tsohuwa na sambatu ta ɗauka magana ce."

Na juya masa.

Ya ce, "To sambatun ma muna so."

"Gaya mashi, kowace mace da na shiga ɗakinta, ta kira ni ne don ta san ba ni da baki. In yaro ya girma ya zaɓi inda yake so a ce an haife shi, shi da uwarsa ne. Ni aikina ya ƙare tun da ya yi kuka."

Na juya wannan ma, ban ƙara gishiri ko ƙwaya ɗaya ba, karo na farko a rayuwata.

Mai maɗaba'a bai haƙura ba. Ya ce ai gaskiya ce, kuma tarihi haƙƙin jama'a ne. Ya ce ita fa za ta tafi, wa zai tuhume ta a Madina? Kaka ta miƙe, ta gyara mayafi, ta sa hannu ta ɗauke littafin daga gabansa. A nan ta yi masa magana da Larabci, da bakinta: "Kai wa ya karɓi taka haihuwar?"

Ya ce wata tsohuwa ce a garinsu, ta daɗe da rasuwa.

"Ka taɓa jin labarin ranar a bakin wani?"

Ya girgiza kai.

"To ka yi mata addu'a. Mun gode da shayi."

A hanyar dawowa babu mai busa ƙaho. Na manne da ƙofar lori ina kallon magudanan ruwa da gonakin auduga suna wucewa, ina jiran faɗa. Sai da muka kusa Hasahisa Kaka ta ce, "Laifina ne, ni na fara sakin baki gaban yara. Amma ke kika kai shi kasuwa." Iyakar abin da ta ce ke nan. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na yi kuka har majina, Kawu ya miƙo mini tsumman goge inji, na share fuska da shi ban sani ba, na shiga gida kamar dodo.

Kwana uku ban taɓa littafin ba. Na ce shi ke nan, Kaka za ta tafi, abin da ya rage mana rabin labari ne mai cike da wata mata.

Amma na manta da Kawu. Ya rantse wa Kaka ba zai ambaci ɗan ƙwallon ba, kuma ya cika, sai dai sauran labarin bai rantse a kansa ba. Duk inda ya tsaya da lori sai ya faɗa: an kai tarihin Inna Madani, mai maɗaba'a ya ce ba a san ta ba, kuma littafin babu sunan kowa. Kafin Juma'a maganar ta zaga ƙauyuka. Ta bakin wasu ma, cewa aka yi an kore ta da sanda.

Ranar Juma'a da hantsi ina wanke-wanke sai ga maƙwabciyarmu mai sayar da ƙosai ta shigo, ko sallama ba ta gama ba. "Ina 'yar bokon nan? Ɗauko alƙalaminki. Wai ba a san Inna ba? Rubuta sunana, da na ubana, da na mijina in kin ga dama. Ni ce wadda ta haihu a tsakiyar gona ana tsinar auduga, na riƙe itacen auduga har na tuge shi da saiwa. Rubuta!"

Na dubi Kaka. Ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Nata ne. In ta ba ki, karɓi."

Ban gama da ita ba wasu biyu suka shigo. Kafin azahar tsakar gidanmu ta cika har kaji sun rasa wurin tsayawa. Matan kambo sun zo, matan masu gonaki sun zo, wasu Larabawa uku sun zo a kan jakuna daga ƙauyen gaba da magudana, ɗaya da tulun gahawarta don ta ce ba za ta ba da labari da busasshen maƙogwaro ba. Kowace tana son a fara da ita.

"Ke dakata, nawa tagwaye ne!"

"Tagwayen naki da suka zo kamar an zubo gyaɗa? Ni kwana biyu na yi!"

"Rubuta cewa na zagi mijina da kakanninsa, Inna ta ce in ƙara, yana taimakawa."

"Wannan kam kada ki rubuta, yana da rai."

"Rubuta! Ai ya ji da kunnensa, yana bayan danga."

Aka yi ta shewa. Wata kuwa da aka zo kanta sai ta yi ƙasa da murya, ta ba da labarin ɗanta na fari da bai zo da rai ba, da yadda Kaka ta kwana bakwai a ɗakinta tana dama mata kunun kanwa, ba ta karɓi ko sabulu ba. Ta ce a sa sunanta, a sa na yaron ma, don an raɗa masa kafin a binne. Na rubuta sunayen biyu.

Akwai waɗanda suka zo suka zauna suka saurara, ba su ce a rubuta komai ba. Kaka ta ba su shayi kamar kowa, ko kallon da zai nuna ta san wani abu ba ta yi musu ba.

Haka muka yi ta yi duk Juma'a har azumi ya wuce. Yatsana ya yi kanta, na cika littafi na biyu, na shiga na uku. Duk labarin da na rubuta sai na karanta wa mai shi, ta ce a cire nan, a ƙara can. Mai ƙosai sau uku tana dawowa, kowane zuwa itacen audugar yana ƙara tsawo, kuma Kaka ba ta ce a goge ba.

Na rufe shafin ƙarshe da safiyar ranar tafiya, kayan Kaka suna ɗaure a bayan lori, innata tana kuka a ɗaki. Na kawo mata littattafan uku na ce, "Ga shi, ba a buga ba, amma an gama."

Ta juya su a hannu, ta auna nauyinsu. Ta ce in karanta mata wurin mahaifinta, na karanta. Sannan ta ce in kawo tawada. Na ɗauko kwalbar, ta tsoma babban yatsanta, ta danna a shafin farko na kowane littafi, a hankali, har zanen yatsan ya fito sarai.

"Wanda duk ya ce ƙarya ce, ki nuna mashi wanga," in ji ta. "Kuma kada ki ba kowa aro sai ya wanke hannu."

Kawu ya busa ƙaho a waje. Ta goge yatsan a gefen zanena, sabo fil, ta fita.